Inda Mota Ke Goyon Jirgi

 Wannan mako za mu yi nisan tafiya, sai kowacce ta gyara zama. Wadda ke da taswirar duniya a kusa ta ɗauko, ta nemi ƙasar Amurka, ta sa yatsa a tsakiyarta, ta yi ta hawa arewa har ta ƙure da iyakar Kanada. To, nan ne jihar Minisota. Sunan nan ba na Turawa ba ne, na mutanen Dakota ne waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, a harshensu kuwa maganar ruwa ya ke yi. Ba su yi kuskuren suna ba. A jikin lambar motocin jihar an rubuta tabki 10,000, amma wannan ma ragi aka yi, gama da hukuma ta ƙidaya waɗanda faɗinsu ya kai eka 10 ko ya fi, 11,842 ta samu.

Mutanen jihar, bisa ƙidayar 2020, sun ɗan haura 5,700,000, jiragen ruwan da aka yi wa rajista kuwa sun fi 800,000. Ku 'yan makaranta ku yi lissafin, wajen jirgi 1 ke nan ga kowane mutum 7, har da jarirai. Kada ku zaci manyan jirage ne. Da yawa daga cikinsu tsawon ƙafa 14 zuwa 18 ne, masu ɗaukar mutum 3 ko 4, da ɗan inji maƙale a baya.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne yawancin jiragen nan ba a ruwa su ke kwana ba. A gida su ke kwana, gefen ɗaki ko cikin rumfar mota, kamar yadda mu ke ɗaure akuya a turke. Wurin ɗaure jirgi a bakin tabki kuɗi ne mai yawa, ga shi kuma mutumin da tabkuna suka kewaye ba ya son ya zama na guda ɗaya. Yau yana nan, mako mai zuwa ya ji labarin kifi na ci a wani tabki mil 60 daga gida. Babban dalilin dai sanyi ne. Daga wajen ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba ruwan ya kan daskare ya zama ƙanƙara, ba ya narkewa sai Afrilu, a can arewacin jihar ma wani lokaci sai Mayu. Jirgin da aka bari a ciki, ƙanƙara ta matse shi ta lalata.

Da can jiragen katako ne, masu nauyi, kuma in sun daɗe a tudu sun bushe sai su riƙa yoyo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka rage ƙera jiragen sama na yaƙi, sai ga alminiyam ya yi yawa, ga kuma maƙeran da suka saba da shi. A 1946 kamfanin Alumacraft ya fara ƙera ƙananan jiragen ruwa da shi a birnin Miniyafolis, a 1948 wani mutum mai suna Howard Lund ya ƙera nasa a wani ɗan gari na jihar. Kun dai san bambancin tukunyar ƙasa da ta alminiyam wajen ɗauka. Daga nan jirgi ya zama abin da motar gida za ta iya ja.

Abin da a ke ɗora jirgin a kai sunansa tirela. Kada ranku ya tafi ga tirelar nan mai ɗaukar buhu ɗari-ɗari. Wannan 'yar ƙarama ce, ku ce amalanke na ƙarfe mara akwati: taya 2, da doguwar sanda a gaba wadda a ke maƙala wa mota a baya. A kanta an shimfiɗa dogayen katako 2, an lulluɓe su da darduma, nan cikin jirgin ke kwanciya, watau su ne gammonsa. Can gaba akwai wani turke, a jikinsa akwai manaɗi, abin naɗe igiya ne mai hannu wanda a ke juyawa kamar hannun keken ɗinki. Igiyar faffaɗa ce kamar ɗamara, da ƙugiya a bakinta, ita a ke saƙalawa a wani zoben ƙarfe da ke goshin jirgi. Ku riƙe sunayen nan, za mu bukace su.

Yanzu ku biyo ni bakin ruwa. Wajen mil 15 yamma da Miniyafolis akwai Tabkin Minitonka. Faɗinsa ya fi eka 14,000, amma ba za ki tsaya wuri guda ki gan shi duka ba, don ba a dunƙule ya ke ba. Lungu-lungu ne da tsibirai, in kin bi gaɓarsa duk sai ki yi fiye da mil 100. Masu kuɗi sun kewaye gaɓar da manyan gidaje, amma ruwan na jama'a ne, saboda haka hukuma ta yi mashigai inda kowa zai kawo jirginsa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi cika yana ƙuryar gabas, a lungun da su ke kira Gray's Bay.

Mashigin ba wani abin kallo ba ne. Gangare ne na siminti mai faɗin hanyar mota, ya sauka daga tudu ya nutse cikin ruwa, an yi masa tsaga-tsaga don kada taya ta zame. A kan yi shi yadda cikin kowace ƙafa 8 zai sauka wajen ƙafa 1. In ya fi haka kwanciya, sai mota ta shiga ruwa tun jirgi bai taso ba. In ya fi haka tsayuwa, mota ta sha wuyar jawo kayanta. Gefensa akwai dandamalin katako da ya miƙa cikin ruwa, bayansa kuma filin ajiye motoci. Shi ke nan. Amma kada ku raina shi. A tabkin nan akwai wani tsohon jirgi mai tafiya da tururi, Minihaha, tsawon ƙafa 70, wanda aka ƙera a 1906. A 1926 aka nutsar da shi da gangan don an daina bukatarsa, a 1980 aka tsamo shi, mutanen gari suka yi shekaru suna gyara, a 1996 ya koma ɗaukar fasinja. Shekara 54 a ƙasan tabki ba ta ga bayansa ba, amma da aka rasa gangaren da a ke saukar da shi bayan zirga-zirgar 2019, sai ya yi shekarun da suka biyo baya a tudu cikin rumfa.

In kuna son ganin mashigi ya cika ya batse, ku zo wajen tsakiyar Mayu, ran Asabar ɗin da doka ta yarda a fara kamun wani kifi da su ke ji da shi, walai, wanda tun 1965 suka naɗa shi kifin jiha. Wajen mutum 500,000 ke fita, har da gwamna. Sau da yawa kashegari ya kan faɗo a Ranar Iyaye Mata, kun ga ke nan maza sun tsere kamun kifi ran da ya kamata su zauna gida su yi hidima. Majalisar jihar ta yi musu dabara a 1988, ta ce Asabar da Lahadin makon Ranar Iyaye Mata, duk uwa 'yar jihar ta kama kifi ba sai ta yanki lasisi ba.

Saukar da jirgi da safe ba shi da wuya ƙwarai, gangara ce, nauyinsa ma taimako ya ke yi. Wuyar tana ga maraice, sa'ad da za a mai da shi kan tirela. Kowa ya gaji, yara na kukan yunwa, sauro ya fito, iska ta taso, ga motoci a layi kowa na duban agogo. Akwai ma waɗanda su kan zo su zauna gefe don kallo kawai, kamar masu kallon dambe. Mutanen ƙasar da kansu suna ba'a, wai wanda ke son ya gwada ƙarfin aurensa ya kai matarsa mashigi ran Lahadi da la'asar. Ku zauna nan mu kalli gida biyu.

Ga na fari. Maigida shi ne direban jirgi, shi ne kuma direban mota. Ya kawo jirgi bakin dandamali, ya miƙa wa uwargida igiya ya ce ta riƙe, ya ruga ɗauko mota. Ita kuwa tana tsaye, iska na fizgar jirgi, jirgi na fizgarta, sun tare wa na baya hanya. Ya zo da baya da baya, tirela ta karkace hagu, ya gyara ta karkace dama, sau 4 kafin ya sami ruwa. Da ya samu, sai ya tura ta can ciki har ta ɓace, a ganinsa in ta nutse sosai jirgi zai hau ba wahala. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya jawo jirgi, ya saƙala ƙugiya, ya naɗe, ya koma mota ya ja. Suna fitowa tudu sai ga jirgi a karkace, gindinsa ya hau kan murfin taya ɗaya, kamar ɗankwalin da aka ɗaura cikin duhu. Sai a koma ruwa. Nan fa murya ta fara tashi: ke ce ba ki riƙe daidai ba, a'a, kai ne dai ba ka iya ba. 'Yan kallo na murmushi.

Laifin ba na uwargida ba ne, ba kuma na iska ba. Tirelar ce ta yi zurfi. In katakon nan 2 sun nutse can ƙasa da jirgi, ba abin da ke riƙe da shi sai ƙugiyar goshi. Gindinsa na yawo a kan ruwa yadda ya ga dama, inda fitowar mota ta same shi nan zai zauna. In kuwa tirela ba ta shiga sosai ba, jirgin zai hau daidai, amma sai an ja nauyinsa duka a kan busasshiyar darduma, mai juya manaɗi ya yi gumi har igiya ta yi ƙara. Tsakanin biyun nan akwai wani wuri, bai fi taku 1 ko 2 ba, inda ruwa ke ɗauke da yawancin nauyin, katako kuma na taɓa cikin jirgin yana kai shi tsakiya. Masu yi kullum su kan ce a nutsar da wajen kashi 2 cikin 3 na katakon, a bar na gaba a waje. Wasu kuma da murfin taya su ke aunawa, in ruwa ya zo daf da samansa su tsaya. Ba ƙa'ida guda ba ce, don jirgi ya bambanta da jirgi, gangare da gangare. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mai hankali, ran da jirginsa ya hau sumul, sai ya duba inda ruwa ya tsaya a jikin tirela ya sa fenti a wurin, daga ran nan ya huta.

Ga gida na biyu. Tun jirgi na nesa sun kintsa kaya sun raba nauyi, tankin mai da akwatin kifi ba su taru gefe guda ba, gama jirgin da ya karkata a ruwa a karkace zai hau. Maigida ya matso dandamali, uwargida ta sauka da yara da makullin mota, shi kuwa ya koma cikin ruwa yana jira daga nesa, bai tare wa kowa hanya ba. Al'adar wurin ita ce layi na motoci ne, ba na jirage ba, wanda tirelarsa ta iso ruwa shi ke da hawa.

Ku dubi hannunta. Ja da baya da tirela shi ne abin da ke kunyata manyan direbobi, don in kin juya sitiyari dama, tirela hagu ta ke yi. Dabarar da a ke koya wa sabon hannu ita ce ki kama sitiyari daga ƙasa, ba daga sama ba. In hannunki na ƙasa, duk inda ki ke son gindin tirela ya nufa, can za ki kai hannun. Kaɗan-kaɗan kuma, kamar mai zuba gishiri a miya. In ta karkace da yawa ba a gardama da ita, sai a yi gaba a miƙe a sake. Wata wahala kuma, tirelar da ba kaya a kanta ƙasa-ƙasa ta ke, ba a cika ganinta a madubi ba, balle in ta fara gangara. Don haka matar nan ta sa an kafa mata fararen sanduna 2 na bututun roba a gindin tirela, ɗaya dama ɗaya hagu, tsayinsu ya kai ƙirji. Da su ta ke gane inda tirela ta ke, su ne kuma ke fitowa saman ruwa su zama ƙofa ga mai kawo jirgi, su tare gindinsa in iska ta tura shi. Ban ga abin da ya kai su arha da amfani a wurin nan ba.

Ta tura tirela ciki har darduma ta jiƙe duka, don jiƙaƙƙiyar darduma santsi gare ta, sa'an nan ta ɗan yi gaba zuwa alamar fentinta. Ta sa giya a wurin tsayawa, ta ja burkin hannu. Ku lura, yaran ba sa cikin motar, suna can tudu inda ta ce su zauna, gilashin wajenta kuma a sauke ya ke. Ba don shan iska ba ne. Ƙasan gangaren nan gansakuka gare shi mai santsi kamar miyar kuɓewa, kuma mota ta kan sulale da baya ta bi tirela cikin ruwa, ko don an manta burki, ko don an sa giyar baya maimakon ta gaba. Motar da ruwa ya danne ƙofarta ba ta buɗuwa, sai ta taga a ke fita. Yaro kuwa ba ya tsayawa tsakanin mota da tirela, ko da wasa.

Yanzu maigida ya taho. Iska na busowa daga dama, saboda haka bai nufo tirela kai tsaye ba, ya ɗan hau dama ya bar iska ta kawo shi tsakiya, kamar yadda mai ƙetare kogi ke farawa daga sama da inda ya ke son fita. Tafiyar kuwa ta hawainiya, an ɗan ɗaga inji don kada farfela ta daki siminti. Goshin jirgi ya shiga tsakanin sanduna, ya hau darduma, ya tsaya da kansa saura kamar taku 3 ya kai turke. Ya kashe inji.

A nan ne wasu ke yin abin da ni dai ban yaba ba. Maimakon su kashe inji su juya manaɗi, sai su ba shi wuta, jirgi ya yi gurnani ya haye tirela da ƙarfin tsiya. Sauri kam akwai. Amma farfela na tura ruwa baya da ƙarfi, ruwan ya kwashe yashi da tsakuwa daga ƙarshen siminti, ya haƙa rami a nan, ya tara tudu a bayansa. Mai zuwa gobe, musamman in ruwan tabki ya ja baya, tayar tirelarsa ta faɗa ramin ta maƙale, ko jirginsa ya dunguri tudun. Hukumar kula da tabkunan jihar ta sha roƙon mutane su bari, don gyaran da kuɗin jama'a a ke yi.

Uwargida ta taka wani faffaɗan katako mai kaushi da aka ɗaure a kan sandar tirela. Wannan ma 'yar dabara ce mai daɗi, gama ruwan Mayu bai fi 'yan makonni da narkewa ba, wanda ya tsoma ƙafa ciki ya san ya tsoma. Ta warware igiya, ta saƙala ƙugiya a zobe, ta tabbata ɗan harshen ƙarfen da ke hana manaɗi komawa baya ya kama, ta shiga juyawa. Kuna jin ƙas, ƙas, ƙas? Shaida ce harshen na aiki. In bai kama ba aka saki hannun manaɗi, nauyin jirgi zai juyo da shi da gudu, ya karya yatsa ko ya zubar da haƙori. Ku ga kuma yadda ta tsaya gefe, ta kau da fuska daga saitin igiya, don tsohuwar igiyar da rana ta ci in ta tsinke da ƙarfi ta ke dawowa. Ba ta nishi, ba ta cizon leɓe, da hannu ɗaya ta ke juyawa. In abin ya yi nauyi har sai an sa hannu biyu, ba ƙarfi a ke ƙarawa ba, tirela ce ke neman ƙarin taku 1 cikin ruwa. Goshi ya zo ya dafa robar turke. Ta saƙala wata 'yar sarƙa, don ko igiya ta ci amana. Ta koma mota ta ja a hankali, maigida na duban ko gindin ya zauna tsakiya. Duka-duka ba su yi minti 5 ba, ba kuma wanda ya ɗaga murya.

Tsofaffi da masu zuwa su kaɗai su kan ƙara da liƙa wa katakon wata roba mai santsi, ko su sayi tirela mai jerin 'yan tayoyi maimakon katako. Da waɗannan jirgi na hawa kamar an shafa masa man shanu. Sai dai haka ya ke saurin sauka. Mai irin wannan tirela in ya kwance ƙugiya tun bai kai ruwa ba, sai ya ji garam a bayansa, jirgi ya zauna kan siminti.

Ba a tsayawa kan gangare a yi ɗaure-ɗaure, wannan rashin ta-ido ne. Can gefe a ke hawa, a ɗaure gindin jirgi da ɗamara 2 kamar majanyi, a duba fitilun tirela. Nan kuma za ku ga ma'aikaci sunkuye yana leƙen ƙarƙashin tirela. Ciyawa ya ke nema. A 1987 aka fara ganin wata baƙuwar ciyawar ruwa a Minitonka, mai yaɗuwa ta rufe saman ruwa. Wadda ta ga yadda kainuwa ke cinye kududdufi ta gane. Guntunta kaɗan in ya maƙale a tirela ya isa ya kafa zuriya a wani tabki. A 2010 kuma aka sami wata 'yar halitta mai ɓawo 2, girman farcen yatsa, mai zane kamar jakin dawa. Asalinta wajen kudancin Rasha, ta zo cikin ruwan da manyan jiragen teku ke ɗauka don daidaita nauyi. Tana manne wa duwatsu da bututun ruwa da injin jirgi dubu-dubu, ɓawonta na yanka ƙafar masu wanka, 'ya'yanta kuwa ido ba ya ganinsu, cikin ɗan ruwan da ya kwanta a jirgi su ke tafiya. Tirelar nan da ta sauƙaƙa wa mutum zuwa tabki 3 cikin mako, ita ce ta sauƙaƙa wa baƙin nan hanya. Saboda haka doka ta ce kafin a bar mashigi a tsince ciyawa sarai, a zubar da ruwan da ke cikin jirgi, a cire matoshin da ke gindinsa, a bar shi a cire muddin ana kan hanya. Wanda ya ƙi, tara. Matoshin nan kuwa sai ya zama abin mantuwa da safe, masu wayo su kan ɗaure shi jikin makullin jirgi, don kada a sauka ruwa da huda a buɗe.

Bari in koma kan gidajen nan biyu. A ganina gida na fari ba faɗa kaɗai ke jiransa ba. Inda maigida ya riƙe aikin duka, uwargida ba ta san kome ba sai riƙon igiya, ran da ciwo ko tsufa ya kwantar da shi jirgi ya zauna ke nan. Ciyawa ta fito ta kewaye tayar tirela, daga baya a sayar da shi da arha, alhali ita ma tana son tabkin kamar yadda ya ke so, yara ma haka. Kun kuwa gani da idonku ba ƙarfi aikin ke ci ba. A 1991 wata malamar jami'a a jihar Wiskonsin, maƙwabciyar Minisota, Christine Thomas, ta kafa wani shiri na koya wa mata zalla kamun kifi da farauta da sarrafa jirgi, shirin ya bazu jihohi da yawa, a wasu wuraren har da darasin ja da baya da tirela. Wadda ba ta sami zuwa ba, sai ta nemi fili ran da ba kowa, ta jera bokiti 2, ta yi ta shigar da tirela tsakaninsu har hannu ya faɗa. In son samu ne, malamin ya zama ƙawa ko maƙwabciya, kada ya zama mijin.

Cikin Oktoba, sa'ad da ganyen itatuwa ya koma ja da rawaya ya fara zuba, a ke yin ɗorawar ƙarshe. Layi ya ragu, 'yan kallo sun watse, ma'aikata na shirin janye dandamalin katako kafin ƙanƙara ta kama shi. A gida a kan tsiyaye ruwan inji sarai don kada ya daskare ya fasa shi. A buɗe cibiyar taya a sake mata giris, gama tayar da ta sha gudu ta yi zafi aka tsoma ta cikin ruwan sanyi ta kan zuƙi ruwa, in an bar shi ya yi watanni sai tsatsa. A lulluɓe jirgi da tamfol, a ɗan ɗaga goshinsa don ruwa ya gangara ya fita ta hudar matoshi. Gangaren siminti kuwa ba ya samun hutu. A tabkuna da yawa, cikin Janairu, ta kansa motoci ke sauka su hau ƙanƙara, suna jan 'yan ɗakunan da masu fatsa ke zama ciki su huda rami su jira kifi.

Sai wani makon.